Babanka Ya Mutu da Sunan Wansa

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Ɗanlami,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kana zaune cikin mota, ba tsaye bakin hanya ba. Allah Ya tsare ku tsakanin nan da Agadas, Ya kau da idon masu bindiga daga ayarinku, ƴan tawaye ne ko wasunsu, Ya sauke ku Damagaram da ƙafafunku. Na sa takardar cikin ƙullin dabino don na san ba za ka kwance shi ba sai yunwa ta taɓa ka. Lokacin kuwa Arlit ta ɓace bayanku, babu halin ka diro ka dawo mu yi ta musu.

Ba ni da labarin gida da zan ba ka, ɗazu ka baro mu. Magana ɗaya ce, kuma da ɓacin rai nake rubuta ta. In ka ga rubutun ya karkace, ka yi haƙuri da ƙarancin karatuna.

Jiya da nake shirya maka jaka na ɗaga tsohon wandonka, sai ga katin ɗan ƙasa da farmin tuƙi na Iliya, ɗan maƙwabciyarmu Rahila, an ɓamɓare hotonsa an liƙa naka. Wato da sunan Iliya za ka je ka karɓi motar ɗan kasuwan da ya yi maka alkawarin aiki. Kai, Ɗanlami! Kai da ka ɗauki makarar babanka a kafaɗarka? Kai da ka raka ni biro, ofishin biyan haƙƙin ma'aikata, ka tsaya bakin ƙofa ka ga yadda na fito? Duk cikin samarin unguwarmu Bukoki a rasa wanda zai ari sunan wani sai kai?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ka iya tuƙi fiye da Iliya, takarda ce kawai ba ka da ita. Za ka ce ƙannenka na kwana da kunu, ƙosaina ba ya ƙarewa tun da aka rage ma'aikata, kar ɗin nan, motar kwasar ma'aikata, da ke cika da mutane da safe yanzu rabinsa kujeru ne. Duk gaskiya ne. Haka babanka ya ce, kusan kalma da kalma, ni kuma na yi dariya na ce Allah Ya ba da sa'a. Yau ba zan yi dariya ba.

Ka san rabin labarin, bari in ba ka cikonsa. Zan rubuta sunan babanka sau ɗaya, abin da bakina bai taɓa faɗa ba tun da aka kai ni ɗakinsa, Allah Ya yafe mini. Sunansa Isufu, ɗan Malam Ado. A ƙauyenmu na ƙasar Magarya Nomau ake kiransa, don ana tsakiyar noma aka haife shi. Bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba. Ranar da masu ƙidaya suka zo garin, kakarka Azumi ta jefa shi cikin rumbu ta rufe, don kada a rubuta shi a kai shi lakwal karatun boko, kada kuma a ƙara wa gidan haraji. Wansa Haruna, baffanka, shi aka kama yana wasa a ƙofar gida, shi aka rubuta.

Da babban fari na farko ya cinye mana gero da awaki, aka ce ana ɗaukar mutane aikin ma'adini a arewa, amma sai mai takarda. Babanka ya je wajen wansa, shi kuma ya ciro takardar haihuwarsa da katin iyali daga cikin adaka ya miƙa masa kamar mai ba da aron fartanya. Babu wanda ya ga laifi a ciki. Rabin waɗanda suka hau mota tare da shi da sunan ƴan'uwansu suka taho. Wani ƙaramin kamfani na kwangila ya ɗauke shi, daga ranar ya zama Haruna Ado.

Da na biyo shi na tarar kowa na ce masa Haruna, abin dariya ya ba ni. Abokan aikinsa su tsaya bakin ƙofa su ce, “Madam Haruna, mutumin yana ciki?” Ni kuma in rufe baki da mayafi in shige ɗaki ina ƙyalƙyatawa. Har tsokanarsa nake yi in ce, “Yaya Haruna, ga tuwo.” Shi kuma ya ce, “Ke dai ci albashin Haruna ki yi shiru.” Wauta ta farko ke nan. Na ɗauka suna riga ce, a sa da safe a tuɓe da yamma. Ashe wanda aka rubuta ba ya tuɓuwa. Don haka in ka ji mutane na dariya kan wani abu da aka sa a takarda ba daidai ba, kada ka taya su. Ka tambayi kanka wa zai yi kuka da shi bayan shekaru.

Wauta ta biyu a kanka na yi ta. Ranar Alhamis ɗin da na haife ka a gidan likita, ungozoma ta zo da babban littafi ta tsaya kaina ta ce, “Sunan uban yaro?” Haihuwar fari ce, ɗaki cike da mata, kowa ya zuba mini ido. Yaya zan buɗe baki in kira sunan mijina? Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya. Wata tsohuwa ta ce, “Haba madam, ƴar ƙauye ce, kunya gare ta.” Sai na laluba ƙarƙashin matashi na ciro katin aikinsa na miƙa mata. Ta kwafe abin da ta gani. Matan ɗakin suka yi ta yaba mini, wai yarinya mai tarbiyya. Da wannan tarbiyyar na ba baffanka kai kyauta. Da aka zo kan ƙannenka kuma aka ce sai a bi yadda aka fara, in ba haka ba takardu za su saɓa, a kori ubanku daga aiki.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Har gobe ba na kiran sunanka na yanka, kuma ba zan fara ba. Amma gaban mai alƙalami ba wurinta ba ne. Ran da Allah Ya ba ka mata, ka je da kanka ka faɗi sunanka da bakinka, ka tsaya har a rubuta, ka karanta abin da aka rubuta kafin ka bar wurin.

Rahila ta yi mini faɗa tun kuna ƙanana. Su a majami'arsu komai rubutawa suke yi, haihuwa da aure da mutuwa, duk da su ƴan kaɗan ne. Wata rana muna tankaɗe ta ce, “Laraba, ki ja mijinki ku je ofishin magajin gari a rubuta aurenku.” Na ce, “Aurena liman ya ɗaura shi gaban jama'a. Me takarda za ta ƙara masa?” Ta ce, “Jama'ar suna nan Arlit?” Na ji haushi na ce ta bar ni da addinina. Ba maganar addini take yi ba, ni ce na kai ta can don in rufe mata baki. Kuma ko da na yarda, da wane suna za a rubuta? Gyaran sai an fara shi daga tushe, shi kuwa babanka kullum cewa yake, “Bari in na bar aiki.” Aiki ya bar shi, tari ya kama shi, bai gyara ba.

Ina fushi da shi, Ɗanlami. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, mutum ne da bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa cin nama a tasha ya bar mu da miyar kuka ba. Amma ina fushi da shi. Ya yi ta tari wata da watanni, ya san inda abin ya nufa, ya raba mini wa zan ba butarsa da wa zan ba rediyonsa, bai ce mini ga yadda za ki yi da sunana ba.

Ka tsaya bakin ƙofa ranar da na je biro bayan na fita takaba, ba ka ji abin da aka faɗa ciki ba, ni kuma na ɓoye maka. Yau za ka ji. Mai rubutun wani yaro ne da bai fi ka da yawa ba. Ya buɗe takardu ya ce, “Madam, ke wace ce ga mamacin?”

Na ce, “Matarsa ce.”

Ya ce, “Haruna Ado mata ɗaya gare shi a katin iyali, Indo, tana ƙasar Magarya. Ke ce Indo?”

Na ce, “Ni Laraba ce.”

“To ina takardar aure?”

Na ce, “Liman ya ɗaura, gari duk ya ci goro.”

Ya ce, “Ba a liƙa goro cikin takardu, madam.” Na kusa da shi ya yi dariya. Sannan ya ƙara jujjuya takardun ya ce, “Ƴaƴan kam na Haruna ne, ga sunanki a matsayin uwa. Amma aure ban gan shi ba.” Ya ɗago ya dube ni.

Ka gane abin da wannan kallon ke nufi? A takardar gwamnati ni mace ce da ta haifa wa wan mijinta ƴaƴa ba aure. Ni Laraba, da ban taɓa haɗa ido da Haruna ba sai a gaisuwa, ina durƙushe. Ba haƙƙin mamacin da suka hana ni ne ya ƙona ni ba, ba kuma fitar da mu daga gidan kamfani zuwa Bukoki ba. Wannan kallon ne. Da za a ce in zaɓa, sai in ci gaba da kwana cikin bukkar kwali har in mutu, a dai goge mini wannan.

Abokan aikinsa, da kyakkyawar niyya, suka ƙera ɗan allon ƙarfe suka kafa a kabarinsa, suka rubuta Haruna Ado. Ka tambaye ni wa ya cire shi, na ce maka iska ce. Ni ce na roƙi mai gadin maƙabarta ya tuge shi. Gara ya kwanta ba suna da ya kwanta da na wani.

Ka tuna tafiyar da na yi gida bara, na ce zan je gaisuwa. Neman gyara na je. Abin da na samo kaɗan ne, abin da na ɓata ya fi yawa, kuma shi ya sa nake so ka saurara da kyau.

Takardar mutuwar ta riga ni isa. Ta bi ta ofis zuwa ofis har gidan sarkin ƙasarmu, aka soke sunan baffanka daga littafin haraji. Na tarar da shi zaune ƙarƙashin itacen bedi yana sassaƙa ƙotar gatari, samari na wucewa suna cewa, “Ina wuni, marigayi? Ya lahira?” Shi kuma yana amsawa, “Lafiya lau, babu haraji a can.” Gari duk na dariya. Ni da na kwaso hanya tun daga Arlit da baƙin ciki a ƙirji na tarar an mai da mutuwar mijina abin raha.

Ko ruwa ban gama sha ba na tare shi a tsakar gida, gaban Indo, gaban surukansa mata. Na ce ya tashi mu je gaban alƙali ya faɗa da bakinsa cewa yana da rai, ƙanensa ne ya mutu. Ya ce, “Laraba, ki huta tukuna.” Na ce ban zo hutu ba. Ya ce, “In na je na ce na ba da aron takarda, ɗaure ni za a yi. Tsofai-tsofai da ni?” Na ce, “Au, haraji ne ba ka so ka biya, shi ya sa ka zaɓi ka zauna matacce? Ka ci albashinsa yana da rai, yanzu kana cin mutuwarsa!” Ya ajiye gatarin ya shiga ɗaki. Har na baro garin bai ƙara ce mini komai ba sai “Allah Ya kiyaye hanya.”

Abin da na faɗa akwai gaskiya cikinsa, kuma har yanzu in na tuna “babu haraji a can” jinina tafasa yake. Amma na tozarta dattijo gaban surukansa, na rufe ƙofar da ita kaɗai ce gare mu. Indo ta raka ni tasha ta ce mini a hankali, “Ba harajin ba ne. Tun da takardar nan ta zo ba ya cin abinci sosai. Shi ya ba ƙanensa takardar, gani yake shi ya tura shi.” Sai a cikin mota na gane dariyar da yake yi ba ta jin daɗi ba ce.

Kai kada ka yi irin nawa. In ka sauka Damagaram ka wuce Magarya, ka isa ƙauye da goro da sukari. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka kira shi Baba. Ka bi shi gona, ka ɗebo masa ruwan alwala, kada ka ɗaga maganar sai ya saba da ganinka. Kana kama da babanka ta goshi da tafiya, wannan kaɗai zai yi maka rabin aikin. Kafin ka buɗe baki kuma ka fara zuwa gidan shari'a ka tambaya, da Faransancin da ka koya a lakwal, me ake yi wa mutumin da ya kawo kansa ya faɗi irin wannan gaskiya. Wani tsohon ma'aikaci ya ce mini ba a cika tsanantawa ba, amma ban sani ba, ji na yi. Ka samo amsar daga bakin masu abin ka kai masa. Tsoro ne ya ɗaure shi. Kuma ka sani ƙafafunsa sun fara kumbura. In ya mutu da gaske kafin ya tsaya gaban alƙali, babu sauran mai cewa su biyu ne.

Amma bakinsa kaɗai ba zai isa ba. Alƙali zai so ya ji yaushe aka haifi babanka, yaushe Malam Ado ya rasu, yaushe aka ɗaura aurenmu. A nan ne nake cizon yatsa kan kakarka Azumi. Lokacin fari na biyu da aka kawo ta wajenmu, ka tuna tana zama inuwar katanga tana tsinkar zogale. Bakinta ba ya hutawa. “Haruna shekarar da fara ta sauka kan gero. Wance shekarar da aka haƙa rijiyar siminti. Malam ya rasu an gama girbi, ba a kai ga sussuka ba.” Ni kuwa ina fama da tukunya da goyo, sai in ce, “To, Inna,” ban ji ba. Wata rana har na ce wa babanka tsohuwar nan ta cika surutu. Littafi guda ne zaune a tsakar gidana yana karanta kansa, na bar shi aka binne. Yanzu ko rijiyar simintin nan ban tabbata ba, shekarar babanka ce ko ta ƙanwarsu da ta rasu.

To ka je bakin rijiyar. Tana gabas da masallaci. Masu ginin sun zana shekara da tsinke a jikin simintin tun yana ɗanye, na gani da idona, guga ya ɗan cinye ta amma tana karantuwa. Ka kwafe. Sannan ka bi tsofaffin matan garin, kowace ita kaɗai, kada ka tara su, don in ka tara su ta farko ce za ta yi magana sauran su ce haka ne. Kada ka tambaye su shekara, ba su san ta ba, za su faɗi wani abu don su faranta maka. Ka ce, da aka haifi Nomau an haƙa rijiya ko ba a haƙa ba? Wa aka haifa tare da shi? Wa aka yi wa kaciya tare da shi? In cikin sa'o'insa akwai wanda aka kai lakwal, to shi yana da takarda, shekararsa ta zama madubin ta babanka. Wata kuwa sunansa ya riga ya faɗa, damina ce. Takardar Haruna cewa ta yi “wajejen shekara kaza”, ba wata ba rana, don mai ƙidaya kallon tsawon yaro yake yi ya yanke masa shekaru. Kada ka ɗauki duk abin da ke cikin littafi kamar saukakke. Mutum ne ya rubuta, wani lokaci yana sauri rana ta yi masa zafi. Ka gwada littafi da bakin tsofaffi, ka gwada bakin tsofaffi da littafi, inda suka haɗu ka riƙe.

A gidan sarki an nuna mini tsohon littafin ƙidaya, gara ta ci gefensa. Na ga Malam Ado, na ga Azumi, na ga Haruna. Babanka babu, yana cikin rumbu. Amma magatakardan ya ce bayan rasuwar Malam an sake ƙidaya, aka mai da gidan hannun Haruna, kuma a lokacin babanka ya yi gemu, rumbu ba zai ɓoye shi ba. In haka ne, akwai shafin da sunayensu biyu ke kwance ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Shi ma zai nuna maka tsakanin wace ƙidaya da wace kakanka ya rasu. Wannan littafin an ce an kai shi ofis a Magarya. Na je. Suka ce gobe. Na koma. Suka ce mai mabuɗi ya tafi jana'iza. Na sake komawa, wani ya yi mini magana da Faransanci yana kallon bango, guzurina kuma ya ƙare. Mace mai zani da takalmin roba ba a buɗe mata ɗakin ajiya. Kai ka sa rigarka mai tsabta, ka yi musu yarensu, kada ka yi fushi, kada kuma ka tafi. Ka zauna kan bencinsu har su gaji da ganinka. In sun buɗe, ka duba da kyau, don masu rubutun wancan zamani yadda kunnensu ya ji suna haka suke sa shi. Ka bi ta sunan uba da na unguwa. Kada ka yarda da “mun gani”, ka ce a kwafe maka a buga hatimi.

Aurenmu kuwa da rani aka ɗaura shi, bayan ƙaramar salla, shekara guda kafin babban fari. Limamin ya rasu, waliyyina ya rasu. An ce limamin yana da al'adar rubuta aure da mutuwa da ajami a gefen littattafansa, kuma suna hannun ɗansa. Ban kai ga gani ba, don bayan abin da na yi a gidan Haruna kunyar shiga ko'ina nake ji. Ka je ka roƙe shi ya duba. In babu, ka nemi waɗanda suka ci goron nan da aka ce ba a liƙa shi. Ba duka suka mutu ba.

Na san wannan ba shi ne abin da ka fita nema ba. Ka fita neman abin da za ka aiko mana, ni kuma na ɗora maka yawon ofis da zaman benci. Amma ka tsaya ka yi tunani. In ka karɓi motar nan da sunan Iliya, gobe ka yi aure da wane suna? Ɗanka a rubuta shi ɗan wa? In tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, wa za a aiko wa? Rahila za a zo a yi wa ta'aziyya ɗanta na zaune gabanta, ni kuma in je wata taga a ce mini, ke wace ce ga mamacin. An yi mini sau ɗaya. Wallahi ba za a yi mini na biyu ba.

Don haka kada ka wahalar da kanka da laluben jaka. Takardun Iliya ba sa ciki. Da safen nan, kana wajen sallama da abokanka, na kai wa Rahila. Ba ta san komai ba. Ta juya katin ta ga fuskarka kan sunan ɗanta, ta zauna daɓas kan turmi ta ce, “Yau na ga ikon Allah. Na haifi ɗa dogo baƙi, an dawo mini da shi gajere mai faɗin goshi.” Sai ta ƙwala masa kira. Ya fito yana sosa ƙeya ya ce, “Mama, taimako ne fa.” Ta ce, “Taimakon gidanku! In ya take ɗan mutane wa za a kama? Ka tambayi Laraba inda taimako ya kai ta.” Ta ɗauki muciya, ya tsallake katanga. Muka yi dariya har muka koma kuka, mu biyu. Ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba, kuma za su sa ka cikin addu'arsu ranar Lahadi.

Ka yi fushi da ni, na yarda. Wataƙila ɗan kasuwan ya ce ba ya ɗaukar marar farmi. Wataƙila ya ɗauke ka yaron mota, ka yi ta ɗaure kaya har ka sami naka. Mu nan za mu ci gaba da kunu, ba yau muka fara ba, kuma ba wanda ya mutu da shi cikinmu. Na san don mu ka yi, ɗana. Tun kana ƙarami in an ba ka abu sai ka ɓoye rabi ka kawo mini. Ban manta ba. Shi ya sa ba zan bari ka ba da kanka gaba ɗaya ba.

Katinka na gaskiya yana aljihun ciki na rigarka, na ɗinke bakinsa da zare, ka tsinke. In soja ya tsai da ku a shinge ya tambayi sunanka, ka faɗi naka. In ya tambayi sunan uba, ka faɗi abin da ke kan katin, kada su sauke ka cikin daji saboda gardama. Ka ce Haruna, ka haɗiye. Amma ina so wannan ta zama tafiya ta ƙarshe da za ka faɗe shi. Ran da za ka hawo hanyar Arlit, ka hawo kana ɗan ubanka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya haɗa ka da masu tausayi a kowace ƙofa, Ya tausasa zuciyar baffanka, Ya ja kwanansa har ya yi magana. Allah Ya jiƙan babanka da Malam Ado da Inna Azumi. Ƙannenka na gaishe ka. Ka ci dabinon, kada ka rabar da shi duka.

Mahaifiyarka,
Laraba
Bukoki, Arlit